Catastrophe: bala'i ne, masifa ce, ko iftila'i?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Wata uku ke nan da na fara aikin fassara labarai a wani gidan rediyo. A makon jiya aka ba ni labarin Sudan, a ciki akwai "humanitarian catastrophe", na rubuta "masifar jinƙai". Edita ya ja mata layi, ya yi ta dariya, bai kuma yi mini bayani ba. Don Allah mece ce ainihin ma'anar catastrophe, mene ne bambancinta da disaster, yaya ake furta ta, kuma a ina ya dace in sa ta idan ina rubutu da Turanci?

Amsa

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Editanka ya yi daidai da ya ja layin, ƙin yi maka bayanin ne kawai ban goyi bayansa ba. Ka sake faɗin "masifar jinƙai" da ƙarfi, ka saurari kanka. A kunnen Bahaushe, mai masifar jinƙai shi ne wanda tausayinsa ya wuce misali, kamar yadda ake cewa atamfar nan tana da masifar kyau, ko miyar ta yi bala'in daɗi. Labarin mutanen da yunwa ke kashewa ne ka mai da shi yabo ba ka sani ba. Kada abin ya dame ka, da koyo akan iya. Ni ma a shekarata ta farko a ɗakin labarai, da wuya takardata ta dawo ba jan biro a jikinta.

Bari mu fara da baki, tunda a rediyo kake. Kalmar gaɓa huɗu gare ta, ka-TAS-tra-fi, kuma a kan gaɓa ta biyu ake ɗora nauyin murya. Inda mutanenmu suka fi tuntuɓe shi ne harafin e na ƙarshe. An koya mana tun firamare cewa e ɗin da ke ƙarshen hope da phone bebe ne, sai mu ɗauka nan ma haka ne, mu ce "katastrof". A nan kuwa magana yake yi, don kalmar daga Girkanci ta fito, ita da apostrophe da epitome da hyperbole, duk da sautin i suke ƙarewa. Wanda ya yi boko a Maraɗi ko Damagaram yana da uzuri, domin a Faransanci rubutun ɗaya ne kuma "katastrof" ɗin ne daidai. In ya tsallako Turanci ne kawai zai ƙara gaɓar. Sai kuma ciwonmu na gado, wato musanya f da p. Harufan ph a nan f ne, kada ya zama "katastropi".

Idan kalmar ta koma sifa, catastrophic, nauyin yana matsawa gaɓa ta uku: ka-ta-STRO-fik. Irin wannan ƙaurar nauyi masu shirya jarrabawar WAEC suna son tambaya a kanta a takardar furuci, ga ɗaliban da za su karanta wannan amsa. Wajen rubutu kuma, ba ta ƙarewa da y. Na sha ganin "catastrophy" a takardun ɗalibai, har da na manya. Jam'inta catastrophes, a furta ƙarshen kamar "fiz".

To, ma'ana. Kalmomi biyu Girkawa suka haɗa: kata, wato ƙasa, da strephein, wato juyawa. Abin da ke sama ya koma ƙasa ke nan. Kifewa. Ka hango ƙwaryar nono ta suɓuce daga kan mai tallarta, ko kwale-kwale ya juye a tsakiyar kogi. Da wannan hoton nake so ka riƙe kalmar, don shi ne zai riƙa raba maka gardama duk inda ka yi kokwanto. Lokacin da ta shiga Turanci a ƙarni na 16, kalmar masu wasan kwaikwayo ce: sashen ƙarshe na wasa, inda labari ke juyewa, sarkin da aka fara da shi a kan karaga ya ƙare a ƙasa. Duniya rawar 'yan mata, in ji mutanenmu, na gaba ya koma baya. Sai a ƙarni na 18 ta fito daga dandali ta zama sunan babban abin da ke afka wa jama'a farat ɗaya. Masana duwatsu ma sun ɗauke ta. A farkon ƙarni na 19, wani Bafaranshe, Georges Cuvier, ya yi fice da ra'ayin cewa manyan kifewa ne suka riƙa shafe halittu daga doron ƙasa, aka kira ra'ayin catastrophism. Har yau, in ana maganar dutsen da ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce, wanda ake dangantawa da ƙarewar manyan dabbobin nan na dauri da ake kira dinosaur, catastrophe ake cewa.

Disaster kuwa asalinta daban. Ta bi ta Italiyanci da Faransanci, kuma a cikinta akwai astro, tauraro. Mugun tauraro ke nan, daga zamanin da Turawa ke duba sama don sanin abin da zai same su. Mu ma ai muna cewa tauraruwar wane tana haskawa, ta wane ta dusashe.

Na tsaya a kan asali ne don ka ga inda fassara ke yi mana gardama. Namu kalmomin daga Larabci muka aro su, kuma da imani suka zo a goye. Bala'i da iftila'i tushensu ɗaya, jarrabawa. Musiba, wadda ta zama masifa a bakinmu, ita ce abin da ya sami bawa, kuma kowa ya san abin da aya ta 156 ta Suratul Baƙara ta ce a faɗa idan ta samu. Idan Bahaushe ya ce iftila'in gobara ya afka wa kasuwa, ya riga ya faɗi abu biyu: an yi asara, kuma jarrabawa ce daga Allah wadda ake so a yi haƙuri da ita. Catastrophe ba ta ɗauke da wannan. Ba ta ce komai ba game da inda abin ya fito, girmansa da yadda ya kifar da rayuwa kawai take nunawa. Shi ya sa nake jan kunnen masu fassara a kan iftila'i. Kalma ce mai ladabi, ta dace da ambaliya da girgizar ƙasa. Amma in rahoto ya ce yaƙi ya jawo catastrophe, alhali akwai waɗanda suka harba bindiga, akwai waɗanda suka tare motocin abinci, kai kuma ka ce iftila'i, to ka wanke masu laifi da sabulun da marubucin bai ba ka ba. A nan bala'i ya fi, don Bahaushe yana cewa wane ya jawo mana bala'i. Masifa kuwa ka yi kaffa-kaffa da ita, don ta riga ta tara ma'anoni: faɗa masifa ne, mai yawan tsiwa masifaffe ne, ga kuma wadda ta kayar da kai.

Yanzu bambancin nauyi. Disaster ita ce kalmar yau da kullum, ita ce ta ofis da ta takardun gwamnati. Catastrophe tana sama da ita. Ma'aunin da nake bai wa ɗalibaina tambaya ɗaya ce: bayan ƙura ta lafa, za a iya komawa yadda ake a da? In za a share, a yi jana'iza, a gyara, rayuwa ta ci gaba a kan tsohuwar hanyarta, disaster ce ko tragedy. In kuwa ƙwaryar ta kife har ba abin da za a kwashe, to an shiga gonar catastrophe.

Ɗauki tafkin Nyos na arewa maso yammacin Kamaru. A daren 21 ga Agusta 1986, iskar da ta daɗe a narke a ƙarƙashin ruwan ta taso gaba ɗaya, irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, ta gangara cikin kwaruruka don ta fi iskar sarari nauyi. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kusan 3,500, da yawa a cikin barci. Gidaje na tsaye, ba wuta, ba ruwa, amma ƙauyuka sun wayi gari shiru, waɗanda suka tsira kuma aka kwashe su zuwa wasu wurare. Ba Baturen da zai ji an kira wannan catastrophe ya ce an yi zuzutawa. Haka ambaliyar Maiduguri ta 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Ruwa ya shiga kasuwa da asibitin koyarwa da fadar Shehu, katangar gidan yari ta faɗi, dabbobin gidan zu suka mutu wasu suka fita gari, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Birni ne sukutum ya tsaya. A gefe guda, motar haya ta yi karo da tirela mutum goma sha biyu sun rasu: abin baƙin ciki ne ƙwarai, kuma ga gidan da ya rasa mai ciyar da shi, duniya ta kife. Amma jaridar Turanci tragedy za ta ce, ko fatal crash. In za ka sa catastrophe a nan, sai ka faɗi ga wa: "His death was a catastrophe for the family." Wannan jumla daidai ce, don ka taƙaita kifewar ga gida ɗaya.

Sai dai kada ka ɗauki ma'aunin nan kamar doka. Akwai wuraren da al'ada ta riga ta kafa disaster, komai girman abin. Fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a ranar 26 ga Afrilu 1986, wadda ta sa aka kwashe garin Pripyat kakaf, Chernobyl disaster ake ce mata. Gubar da ta tsiyaye daga masana'antar maganin ƙwari a Bhopal ta Indiya a Disamba 1984, ta kashe dubbai, Bhopal disaster ce. Haka natural disaster, disaster relief, disaster management. A nan 'yan'uwanmu na Nijar suke buƙatar lura, domin Faransanci ya bi ta ɗaya hanyar: su catastrophe ce kalmarsu ta kullum, catastrophe naturelle, catastrophe de Tchernobyl. Ka dubi sunayen ma'aikatu ma. Wadda aka kafa a Abuja a 2019 an sa mata Disaster Management a cikin sunanta, takwararta ta Yamai kuwa Gestion des Catastrophes. Aiki ɗaya, kalma daban. Saboda haka in labari ya zo maka daga Faransanci, kada ganin catastrophe ya sa ka ɗaga murya. Mai yiwuwa ambaliyar unguwa biyu ake nufi. In daga Turanci ya zo, marubucin ya tsallake disaster da gangan ne, yana so ka ji nauyin.

Akwai al'ummomin da suka mai da kalmar suna, da babban baƙi. Abin da Falasɗinawa ke kira Nakba, wato korar da tserewar mutum fiye da 700,000 daga gidajensu a 1948, da "the Catastrophe" ake fassara shi a Turanci, kuma ana tunawa da shi kowace 15 ga Mayu. Abin lura, shan kayen Larabawa a yaƙin 1967 ba su ba shi wannan suna ba, Naksa suka ce, koma baya. Harafi ɗaya ne ya raba kalmomin biyu, amma ɗaya na nufin an faɗi za a tashi, ɗaya na nufin ƙauyen da aka baro ba ya nan. Girkawa, masu kalmar, suna kiran shan kayensu a hannun Turkawa a 1922 da ƙonewar birnin Smyrna, Izmir ta yau, da sunan Asia Minor Catastrophe, don bayansa fiye da mutum miliyan ɗaya suka bar ƙasar da kakanninsu suka zauna tun zamanin da. Shoah, sunan da Yahudawa ke kiran kisan ƙare dangin da gwamnatin Hitler ta yi musu, ita ma ma'anarta ke nan a Ibrananci. Mu ba mu cika sa wa irin wannan suna ɗaya na gaba ɗaya ba, kowace mukan raɗa mata nata, kamar yadda tsofaffi suka kira yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba.

Yanzu ga sashen da ya fi shafar aikinka, kuma inda na ga gogaggun 'yan jarida ma suna zamewa. A wasu fannoni, catastrophe ba kalmar motsa zuciya ba ce, mataki ne a kan sikeli, da adadinsa.

Ƙungiyoyin agaji suna auna yunwa da wani tsari mai hawa biyar da ake kira IPC, wanda aka fara amfani da shi a Somaliya a 2004. A Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen Sahel, ɗan'uwansa ake amfani da shi, Cadre Harmonisé, hawansu iri ɗaya. Hawa na ɗaya ba matsala. Na biyu ana cikin matsi. Na uku shi ne Crisis, na huɗu Emergency, na biyar kuma sunansa biyu, Catastrophe da Famine. Bambancin sunayen biyu yana da muhimmanci. Catastrophe ana faɗinta ne a kan gida: iyalin da suka sayar da duk abin da za su sayar, suka ci irin shuka, ba sauran dabara, mutuwa ta fara leƙowa. Famine kuwa a kan yanki ake ayyana ta, kuma sai sharuɗɗa uku sun cika: aƙalla kashi 20 cikin 100 na gidaje suna cikin wannan hali, aƙalla kashi 30 cikin 100 na ƙananan yara tamowa ta kama su, kuma mutum 2 cikin kowane 10,000 na mutuwa kullum. Da wannan ma'auni aka ayyana yunwa a Somaliya a 2011, inda aka ƙiyasta mutum kusan 260,000 sun rasu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Da wani ɓangare na Sudan ta Kudu a 2017. Da sansanin Zamzam kusa da El Fasher a Darfur a watan Agusta 2024.

Ma'anar wannan a teburinka ita ce, in rahoto ya ce mutum kaza "are facing catastrophic hunger" ko "are in Catastrophe", ba ado marubucin ya yi ba, hawa na biyar yake nufi, kuma ba lallai an ayyana Famine a yankin ba. Ka ce "suna mataki na biyar, mafi muni, na ma'aunin yunwa". Kada kuma ka ga Crisis ka ce rikici. Na taɓa jin an karanta a iska cewa miliyoyin mutane na cikin "rikicin abinci", kamar wawaso ake yi a gidan biki, alhali hawa na uku ake nufi, wato ƙarancin abinci mai tsanani.

Masana lafiya ma suna da tasu. Catastrophic health expenditure ita ce kuɗin magani da ya cinye fiye da kashi 10, ko a wani ma'aunin kashi 25, cikin 100 na abin da gida ke kashewa ko samu. Sunan ya yi nauyi, amma duk wanda ya ga an sayar da gona ko shanun huɗa don a yi wa mutum ɗaya wankin ƙoda ya san ba a yi ƙari ba. Injiniyoyi in sun ce catastrophic failure, suna nufin abu ya lalace gaba ɗaya, farat ɗaya, ba gyara, ko da bai kashe kowa ba. Bangon madatsa da ke yoyo a hankali bai kai nan ba. Ɓallewar madatsar Bagauda ta Kano a Agusta 1988 ta kai. Injin janareto ma in ya fashe ya watse, haka za a rubuta. A Amurka, hukumar da ke lura da mahaukaciyar guguwar teku tana cewa devastating ga ɓarnar mataki na uku, ta ajiye catastrophic ga na huɗu da na biyar. A Ostireliya, bayan gobarar daji ta Fabrairu 2009 da ta kashe mutum 173, sun ƙara wani hawa a saman allon gargaɗinsu, suka sa masa Catastrophic, kuma in an kai shi shawarar ita ce a bar wurin tun da wuri.

Sauran 'yan gidan zan bi ta kansu da sauri. Calamity ta ɗan tsufa, tana da ƙamshin littafi da wa'azi, shi ya sa masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci da yawa suke sa ta a gurbin musiba, kuma ita ce ta fi kusa da masifa tamu. Cataclysm asalinta ruwan da ya shafe ƙasa, irin ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. Ka bar ta sai in kana maganar abin da ya sauya fuskar duniya. Tragedy tana duban baƙin ciki da rai da aka rasa, ko da rai ɗaya ne. Crisis kuwa abin bai gama faruwa ba, ana kan siraɗi, ana iya tsallakewa ana iya faɗawa. Annoba tamu ba ta cikin wannan layi, epidemic ce.

Sai yadda za ka sa ta a jumla. Suna ce da ake ƙirgawa, saboda haka tana son a ko the a gabanta: "The flood was a catastrophe for farmers in the valley." Na sha ganin "It is catastrophe", wannan gurguwa ce. Amma akwai wasu 'yan wurare da take tafiya ita kaɗai: "on the brink of catastrophe", wato a bakin ramin bala'i, da "end in catastrophe". Aikatau ɗin da suka saba rakiyarta su ne avert da prevent, kau da ita kafin ta auku, sai cause da face da warn of. Sifofin da ke zuwa gabanta kuma humanitarian, environmental, economic, nuclear. Ita kanta ba ta zama aikatau, ba a cewa ruwa ya "catastrophed" gari. Devastated ake cewa. Catastrophic tana tafiya da damage, consequences, flooding, injury, loss, kuma for ke biye mata: "A second year of drought would be catastrophic for herders."

Kuskure ɗaya da ya yi katutu a Turancinmu na Najeriya shi ne "very catastrophic". Kalmar ta riga ta kai maƙura, ba ta da sauran wurin ƙari, kamar ka ce gawa ta mutu sosai. In dole sai ka jaddada, absolutely ko utterly ko truly ake sawa. Potentially catastrophic kuma tana da amfani in abin bai auku ba tukuna.

Za ka ji Turawa da kansu suna wasa da ita. Matar da kek ɗinta ya ƙone tana iya cewa "It was a catastrophe", kowa ya yi dariya, don an san zuzutawa ce. Ko a nan ma disaster ta fi yawa a bakinsu, kuma ita ce ake jifan mutum da ita, "He was a disaster as chairman", ita ce kuma ke cikin "a recipe for disaster". Abin da catastrophe ba ta taɓa yi shi ne abin da bala'i da masifa ke yi a Hausa, wato ƙarfafa abu mai kyau. Wani ɗalibina ya taɓa rubuta cewa ɗan wasan da yake so "is catastrophically good", yana nufin ya iya ƙwallo na bala'i. Baturen da ya karanta zai tsaya yana tunanin wace ɓarna iyawar ta jawo. Terribly da awfully ne suke wannan aiki a wurinsu. Daga irin wannan zuzutawa ne kuma masana halayyar ɗan Adam suka ƙera catastrophize, wato ɗabi'ar mai hango mafi munin abu a kowane ƙaramin lamari: ciwon kai ya kama shi, ya fara rabon gado a zuci.

Shawarata a kan rubutunka na Turanci ita ce ka yi rowar kalmar. 'Yan siyasarmu sun riga sun tsinka mata daraja, kowane kasafin kuɗi catastrophe ne a bakin 'yan adawa, kowane zaɓen da aka faɗi catastrophic ne. Wanda ya kashe ta a kan layin mai, ranar da madatsa ta ɓalle me zai ce? In ka rubuta ta, ka sake karanta jumlar da serious ko severe ko disaster a gurbinta. In ma'anar ba ta ragu ba, bar ƙaramar. Sau da yawa ma adadi ya fi ta ƙarfi. "Mutum 1,746 a dare ɗaya" ba ya buƙatar sifa.

Mu koma kan jumlarka. Tuntuɓen ba a catastrophe kaɗai yake ba, rabinsa a humanitarian yake. Jinƙai daidai ne in ana maganar masu bayarwa: humanitarian aid agajin jinƙai ne, humanitarian workers ma'aikatan agaji ne. Amma in kalmar ta zo gaban crisis ko catastrophe, tana nuna waɗanda abin ya faɗa wa ne, wato bala'in ya taɓa abin da rai ke buƙata, abinci da ruwa da magani da wurin kwana. Ba kalmar Hausa ɗaya da za ta ɗauki wannan, kuma ba dole sai an samu ba. Warware ta za ka yi. In jumlar ta ce Majalisar Ɗinkin Duniya "has described the situation in Darfur as a humanitarian catastrophe", sai ka ce: Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce jama'ar Darfur na cikin mummunan bala'i na rashin abinci da magani da matsuguni, matuƙar labarin ya ambaci waɗannan a ƙasa. In bai ambata ba, tsaya a kan "mummunan bala'in da ya jefa rayuwar jama'a cikin halin ni-'yasu". In kuwa "warned of" ka gani, ko "on the brink of", to abin bai gama aukuwa ba a bakin mai maganar, sai ka ce ta yi gargaɗin cewa jama'ar na dab da faɗawa. Ka duba wannan aikatau kafin ka miƙa wa edita takardar, don mai sauraro a Kano ko Agadas da ke da ɗan'uwa a can zai ji bambancin "suna ciki" da "suna dab da faɗawa" tun kafin ka kai ƙarshen jumlar.